TARIHIN TARANSIFOMA: DAGA ZOBEN FARADE ZUWA CAJAR DA KE HANNUNKA

Darasin yau tarihi ne, amma akwai lissafi a cikinsa, don haka mai biro da takarda ya jawo su kusa.

Bari in fara da tambaya. Wutar da take shiga batirin wayarka, taransifoma nawa ta ratsa kafin ta iso? In kana zaune a nan Lajawa ko wani gari na ƙasar Wudil, zo mu ƙirga tare. Akwai ta tashar da aka samar da wutar, wadda take ɗaga ta zuwa bolt 330,000. Akwai ta Kumbotso mai sauke ta zuwa 132,000. Akwai mai sauke ta zuwa 33,000. Akwai ta unguwa, wadda kowa ya sani saboda in ta ƙone sai an yi karo-karo. Sai 'yar ƙaramar da ke cikin cajar kanta. Biyar kenan aƙalla. Wata sai da babbar mota ake ɗaukar ta, wata ba ta kai ƙwallon dabino ba, amma doka ɗaya suke bi, kuma dokar ba ta fi ƙarfin wanda ya iya raba lamba da ninka ta ba. Yau za mu ga inda dokar ta samo asali, mu yi lissafi da ita, sannan mu gwada amsarmu a kwamfuta.

ƊAN MAƘERI DA ZOBEN ƘARFE

Labarin ya fara ne a Landan, ranar 29 ga Agusta, 1831, a hannun Maikel Farade. Mahaifinsa maƙeri ne, shi kuma bai yi dogon karatun boko ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon sana'ar ɗinka littattafai, a nan ya riƙa karanta abin da aka kawo ɗinki. Na faɗi wannan ne saboda masu cewa su iyakacinsu sakandare, wannan fanni ya fi ƙarfinsu.

Farade ya samu zoben ƙarfe mai faɗin kusan inci 6. Ya naɗa waya a ɓari ɗaya, ya naɗa wata wayar daban a ɗaya ɓarin, babu inda suka taɓa juna. Ta farko ya kai ta ga batir, ta biyu ya haɗa ta da allurar awon wuta. Yana jona batir sai allura ta zabura, sannan ta koma ta kwanta. Batir na jone, wuta na gudu a wayar farko, amma allura shiru. Yana cirewa sai ta sake zabura, wannan karon ta ɗaya gefen.

To ka riƙe wannan, domin shi ne tushen komai. Wuta ba ta tsallakawa naɗi na biyu sai lokacin da maganaɗisun da ke cikin ƙarfen yake canzawa. In ya tsaya cik, ko yana da ƙarfi kamar me, ba abin da zai fita. Shi ya sa in ka jona batirin mota a taransifoma ba za ka samu komai a ɗaya gefen ba, sai dai ka ji ƙaurin wayar da ta fara ƙonewa. Wutar batir, wato DC, hanya ɗaya take bi. Wutar gida kuwa, AC, kai-komo take yi, sau 50 a kowane sakan a nan Najeriya da Nijar. Wannan kai-komon ya zama kamar wani yana jonawa yana cirewa ba hutawa.

MATSALAR NISA

Bayan Farade, an shafe kusan shekara 50 abin bai zama na amfanin gari ba. Sai da ƙwan lantarki ya shigo. A 1882 Tomas Edison ya buɗe tasharsa a birnin Niyok na Amurka, yana ba gidaje wutar DC mai bolt 110. Ta yi aiki, amma ba ta iya wuce kamar mil ɗaya daga tasha. Me ya sa? Zo mu lissafa.

Ƙarfin aiki, wato wat, shi ne bolt sau amfiya. Asarar da ake yi a waya kuwa ita ce amfiya sau amfiya sau om ɗin wayar. A ce kana so ka aika wat 100,000 ta wayar da ke da om 0.5. In ka tura a bolt 240, amfiya 417 za ta bi wayar. 417 sau 417 sau 0.5 ya ba ka wat kusan 87,000, duk ya tafi a dumama waya. Ka ga an yi ba a yi ba. Amma in ka ɗaga zuwa bolt 11,000, amfiya 9 da ɗoriya kawai za ta bi, asarar kuma wat 41, ba ta kai ta fankar sama guda ba. Waya ɗaya, kaya ɗaya, boltej kawai aka canza.

Kenan wutar tafiya tana son boltej mai yawa, wutar ɗaki tana son kaɗan. Ana bukatar abin da zai ɗaga a can, ya sauke a nan. A lokacin babu hanya mai sauƙi ta yin haka da DC. Da AC kuwa, zoben Farade na nan yana jira.

WAƊANDA SUKA MAYAR DA ITA KAYAN AIKI

Wani Bafaranshe, Lucien Gaulard, da abokin aikinsa Bature ɗan Ingila, John Gibbs, sun nuna tasu a Landan, sannan a baje kolin birnin Turin na Italiya a 1884. Tasu tana da rauni biyu. Ƙarfen cikinta a buɗe yake, maganaɗisu sai ya bi iska ya zagayo, da yawa ya ɓace. Sannan jere suke haɗa su, ɗaya bayan ɗaya, ta yadda in wani ya kashe fitilunsa sai hasken na maƙwabcinsa ya canza.

Injiniyoyi uku na kamfanin Ganz a birnin Budafes na ƙasar Hangari, Zipernowsky da Bláthy da Déri, su suka gyara wannan tsakanin 1884 da 1885. Suka rufe ƙarfen ya zama zagaye cikakke, suka kuma haɗa kowace taransifoma kai tsaye da babban layi, kowa da nasa reshe. Har yau haka ake haɗa ta unguwarku. A Amurka kuma, William Stanley, wanda ke aiki da Westinghouse, ya haska shaguna da ofisoshin wani ƙaramin gari mai suna Great Barrington da AC da taransifomomi a watan Maris na 1886.

Abin da ya kashe bakin masu gardama ya faru a Jamus a 1891. An ɗauko wuta mai layi uku daga garin Lauffen zuwa baje kolin Farankfot, tafiyar kilomita 175, wato ta fi daga Kano zuwa Zariya, a kan bolt 15,000. Kusan kashi 75 cikin 100 na wutar ya isa lafiya. Daga nan aka gane ba dole ne janareta ya zauna a tsakiyar gari ba, yana iya zama inda ruwa yake.

Akwai kuma yaƙi da asara. Ƙarfen ciki yana zafi saboda wuta na zagayawa a jikinsa, sai aka yanka shi falle-falle aka shafa wa kowane falle abin da zai raba shi da ɗan uwansa. In ka taɓa fasa taransifomar tsohuwar rediyo ka ga ƙarafa masu siffar E da I, dalilin kenan. Wajen 1900 Robert Hadfield a Ingila ya nuna amfanin ƙarfe mai gaurayen silikon, asara ta ƙara raguwa. Yau manyan taransifomomi suna fitar da sama da kashi 99 cikin 100 na abin da ya shiga.

YADDA TA ISO MANA

A Najeriya, Legas aka fara kunna wa wuta a 1896, da injin da ƙarfinsa kilowat 60 ne. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, mai samar da wuta da ruwan Kurra a ƙasar Jos saboda masu haƙar kuza. A Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ce da kanta take da tashar wuta a Chalawa, haka Katsina ma En'e ce ke riƙe da tata. Kowane gari da injinsa, babu layin da ya haɗa su.

A 1950 aka yi dokar kafa ECN don ta tattara waɗannan tashoshi wuri guda. A 1962 aka kafa hukumar madatsun ruwan Neja, wadda ta gina dam ɗin Kainji, aka gama a 1968. A 1972 aka haɗe biyun suka zama NEPA, sunan da har yau bai bar bakin yara ba in an kawo wuta. Jebba ta biyo baya a 1985, Shiroro a 1990. A 2005 NEPA ta koma PHCN, a watan Nuwamba na 2013 kuma aka miƙa rabon wuta ga kamfanoni masu zaman kansu. KEDCO ce ke da Kano da Katsina da Jigawa, manyan layuka kuma suka tsaya a hannun TCN ta gwamnati.

Dubi taswira ka ga nisan Kainji da Kano. Layin bolt 330,000 ne yake bi ta Jebba da Shiroro da Kaduna ya sauka Kumbotso. Daga nan layukan 132,000 suke watsuwa, har akwai wanda ya tashi daga Katsina ya tsallaka iyaka zuwa Gazawa, yana ba 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Da a bolt 240 za a turo wannan wuta, ko bakin dam ɗin ba za ta bari ba.

DOKAR TARANSIFOMA MARAR AIBI

A cikin littattafai akwai wata taransifoma da ake kira aidiyal, ni ina ce mata marar aibi. Wayarta ba ta zafi, ƙarfenta ba ya cin komai, kuma duk maganaɗisun da naɗin farko ya haifar yana ratsa na biyu. Ba a sayar da ita a Sabon Gari, ba a sayar da ita a Caina, a takarda kawai take. Amma tun da ta gaske ta kusa kama ta, lissafin da ka yi da ita yana kai ka bakin amsa.

Naɗin da wuta ke shiga sunansa firamare, wanda take fita sakandare, kamar dai makaranta. Dokokin uku ne:

1. Boltej yana bin yawan naɗi. In naɗin firamare ya ninka na sakandare sau 20, boltej ɗin fita zai ragu sau 20.
2. Amfiya tana yin akasin haka. Inda bolt ya ragu sau 20, amfiya ta ƙaru sau 20, domin wat ɗin da ya shiga shi zai fita. Taransifoma ba ta ƙirƙirar wuta, canji take bayarwa, kamar ka ba da 'yar dubu ɗaya a ba ka 'yan hamsin guda 20.
3. Om ɗin kayan da ka jona a sakandare, in an hango shi daga firamare, yana ninkuwa da rabon naɗi sau kansa. Rabo 20 ya zama 20 sau 20, wato 400.

Ga misali. Firamare naɗi 1,200, sakandare naɗi 60, wutar shiga bolt 240, an jona kaya mai om 6.

Rabon naɗi: 1,200 ÷ 60 = 20
Boltej na fita: 240 ÷ 20 = bolt 12
Amfiyar fita: 12 ÷ 6 = amfiya 2
Wat na fita: 12 × 2 = wat 24
Amfiyar shiga: 2 ÷ 20 = amfiya 0.1

Yanzu mu bi ta doka ta uku mu ga ko za mu haɗu. Om 6 × 400 = om 2,400. Sai 240 ÷ 2,400 = amfiya 0.1. Daidai. Wat na shiga kuma 240 × 0.1 = 24. Duk lokacin da ka warware irin wannan, ka bi hanya biyu. In ba su haɗu ba, akwai inda ka juya rabo, ka ninka a wurin da ya kamata ka raba.

Amfanin doka ta uku shi ne, tana ba ka damar ka cire taransifomar gaba ɗaya daga zanen, ka maye gurbinta da rasista guda, sakit ɗin ya koma irin wanda kowa ya iya. Masu haɗa lasifikar masallaci da ke ganin 'yar taransifoma a bayan hon, aikin da take yi kenan, daidaita om ɗin lasifika da layin amfilifaya.

YADDA KWAMFUTA TA SHIGO CIKI

Da can injiniya in ya gama lissafi sai ya haɗa sakit a kan tebur ya auna. Da aka fara cusa taransistoci da yawa a cikin IC ɗaya, abin ya gagara, domin ba ka iya sa tsinken mita a cikin IC. A jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, tsakanin 1969 da 1970, wani malami, Ronald Rohrer, ya sa ɗalibansa rubuta manhajar da za ta warware sakit, suka sa mata suna CANCER. Ɗaya daga cikinsu, Laurence Nagel, ya ci gaba da aikin a ƙarƙashin Farfesa Donald Pederson, wanda ya dage cewa sai dai a bar wa kowa manhajar kyauta. A 1973 ta fito da sunan SPICE, a 1975 aka fitar da SPICE2. A lokacin da kati mai huji-huji ake ba kwamfuta umarni.

Saboda an bar ta a buɗe, ta haifi 'ya'ya da yawa. PSpice ta fito a 1984 don kwamfutar tebur. LTspice, wadda Mike Engelhardt ya rubuta a kamfanin Linear Technology, kyauta ce har yau, tana hannun Analog Devices tun da suka sayi kamfanin a 2017. Wanda ba shi da kwamfuta kuma, akwai Falstad, ba ta cikin zuriyar SPICE amma tana buɗewa a burauzar waya, har ka ga wutar tana tafiya kamar jerin tururuwa.

MU GWADA AMSARMU

A LTspice, hanyar da aka saba yin taransifoma ita ce da indakta biyu. Ga matakan:

1. Ɗauko tushen wuta, da rasista ƙarama mai om 1 a jere da shi, sai indakta L1. Kar ka tsallake rasistar nan, in babu ita manhajar tana iya ƙin tashi.
2. A ɗaya gefen sa L2 da rasista mai om 6.
3. Ƙimar indakta tana bin rabo sau kansa ne. Rabonmu 20, don haka L1 ta ninka L2 sau 400. Sa L1 = 400, L2 = 1. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, su sa 20 da 1, sai su ga wajen bolt 54 maimakon 12.
4. Rubuta umarnin K1 L1 L2 1. Lamba 1 ta ƙarshe tana nufin duk maganaɗisun ya ratsa, ba ɗigo.
5. Sa giraun a ɓangarorin biyu. In ka bar sakandare tana lilo ba giraun, manhajar ba ta da inda za ta fara awo.
6. A tushen wuta rubuta SINE(0 339 50), sannan umarnin .tran 200m.

Ina 339 ta fito? Bolt 240 da mitarka ke nunawa matsakaicin ƙarfi ne da ake kira RMS. Ƙololuwar igiyar kuwa 240 × 1.414 ne, wato 339, kuma ita SINE take tambaya. Haka a wurin fita za ka ga igiya tana kai wa kusan 17. Kar ka ce lissafi ya yi ƙarya, raba 17 da 1.414 ka ga 12 ɗinka. Ko ka danne Ctrl ka taɓa sunan igiyar a sama, za ta nuna maka RMS da kanta. In kuma ka ga igiyar fita tana sama lokacin da ta shiga take ƙasa, juya L2 kawai, ɗigon da ke jikin indakta shi ke nuna farkon naɗi.

In lambobi kake so kai tsaye ba zane ba, sa 240 a gurbin AC na tushen wutar, ka canza umarni zuwa .ac list 50. Za ta jero maka bolt kusan 12, amfiya 2, amfiya 0.1. Takarda da kwamfuta sun haɗu.

Shawarata, kar ka taɓa buɗe manhaja kafin ka yi lissafi a takarda. Kwamfuta ba ta san abin da kake nufi ba, abin da ka rubuta take warwarewa. In ba ka da amsar da kake tsammani, duk shirmen da ta nuna za ka karɓa hannu biyu.

INDA TA GASKE TA BAMBANTA

Yanzu mu ɓata marar aibin da gangan, don a nan ne darasin yake. Bar umarnin .ac list 50, ka mayar da L1 = 4, L2 = 0.01. Rabo bai canza ba, fita tana nan bolt 12. Amma dubi amfiyar shiga, ta tashi daga 0.1 zuwa kusan 0.22. Cire kayan gaba ɗaya, za ka ga har yanzu tana jan 0.19. Wannan ita ce wutar da ƙarfe ke bukata don ya zama maganaɗisu, kuma tana cikin dalilan da ke sa tsohuwar adafta mai nauyi ta yi ɗumi ko ba a jona mata komai ba.

Sai ka ƙara rasista mai om 0.5 a jere da sakandare, a matsayin wayar naɗi da wayar da ta tafi gida. Bolt 12 zai koma kusan 11.1. Mayar da kayan om 3, wato kaya ya ninka, zai koma kusan 10.3. Ka ga hoton abin da ke faruwa bayan magariba, lokacin da kowa ya kunna nasa, ƙwai ya koma ja kamar garwashi.

Mu ɗauki irin ta unguwa mai lamba 300 kVA. Layi uku take fitarwa, bolt 415 tsakanin layi da layi, 240 tsakanin layi da nutural. Iyakar kowane layi: 300,000 ÷ (1.732 × 415), wato amfiya 417. In daga layin 33,000 take sha, amfiya 5 da ɗan kai kawai take ja daga sama. Risho na lantarki mai wat 1,500 yana jan amfiya 6.25, don haka guda 67 sun cika layi ɗaya tam, ba a sa injin markaɗe ba, ba a sa mai walda ba. Kuma zafin naɗi yana bin amfiya sau kanta. Ka ɗora kashi 20 bisa ƙa'ida, zafin ya ƙaru da kashi 44. Ga al'adar nan ta kowa ya mayar da wayarsa layin da ya fi haske, sai layi ɗaya ya ɗauki kayan uku. In fiyus ya tsinke a ɗaura waya mai kauri. Fiyus ɗin nan shi ne mai gadin taransifoma, in ka ɗaure masa hannu, naɗin ciki ne zai ƙone a madadinsa, sai gari ya kwana wata da watanni a duhu ana bin gida-gida da takardar karo-karo.

Sitabilaiza ma taransifoma ce, mai naɗi ɗaya da rassa da yawa, ƙas-ƙas ɗin da kake ji rile ne ke sauya reshe. Doka ta biyu ba ta ƙyale ta ba. Kaya mai wat 1,000 a bolt 240 yana jan amfiya 4.2. In wuta ta sauka 160, sitabilaiza za ta ɗaga maka ita, amma za ta ja amfiya 6.25 daga layi. Gida goma su yi haka, ashirin su yi haka, wutar layin ta ƙara faɗuwa.

TA CIKIN CAJA

Me ya sa cajar yanzu ba ta da nauyi? Ka tuna abin da Farade ya gani, canji shi ne komai. In canjin ya yi sauri, ƙaramin ƙarfe da naɗi kaɗan sun isa. Caja tana fara mayar da AC zuwa DC mai bolt sama da 300, ta tara a kafasita, sannan taransista ta riƙa yanka ta sau dubbai masu yawa a sakan, a tura cikin 'yar taransifoma mai zuciyar ferayit, wannan baƙin abu mai fashewa kamar tangaran. A irin wannan tsari rabon naɗi ba shi kaɗai ke yanke boltej ba, IC ce ke ƙara ko rage tsawon kowane yanka don fita ta tsaya a bolt 5.

Amma aiki ɗaya bai canza ba tun zoben 1831, wato wayoyi biyu da ba su taɓa juna. Ɗan tef ɗin da ke tsakanin firamare da sakandare shi ne katanga tsakanin wutar gida da kunnen mai amsa waya tana caji. A caja mai arha, nan ake rage kuɗi. In caja tana ɗan jan hannu, ko sikirin yana danna kansa da zarar an jona, a raba ta da waya tun wuri. Mu masu gyara kuma, in ka buɗe caja, auna babbar kafasitar nan mai lamba 400V kafin yatsa ya kai, tana riƙe wuta bayan an zare daga soket. Ita kuwa ta unguwa, ko an ɗauke wuta, ba wurin gwajin ɗan koyo ba ce.

AIKIN GIDA

Taransifoma tana da naɗi 960 a firamare, an ba ta bolt 240, ana so ta fitar da bolt 24 ga kaya mai om 8. Nemo naɗin sakandare, amfiyar fita, amfiyar shiga, da om ɗin da firamare ke gani. In ka sa L2 = 1, nawa za ka sa L1? Yi a takarda tukuna, sannan ka gwada a LTspice ko Falstad, ka turo mana amsoshin biyu mu gani ko sun haɗu.

A darasi na gaba in sha Allah za mu ga yadda ake gane firamare da sakandare da mita kawai, a taransifomar da rubutun jikinta ya goge. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya sa albarka a sana'o'inmu.